Katin da Malam Barau Ya Ɗinke a Fata

Ku ajiye wayoyin nan ku saurara, ba na maimaita magana.

A unguwarmu akwai wani baduku, Malam Barau, mai 'ya'ya uku. Da tsufa ya kama shi, sai yanar ido ta rufe masa gani har ya daina ganin bakin basilla. Likita ya ce sai an yi aiki, in an yi jinkiri kuma ido ya tafi.

Shekara biyu kafin haka, ƙungiyar 'yan kasuwar su Sallau, babban ɗansa, ta shiga inshorar lafiya, kowane gida mutum shida. Shi da matarsa da yara huɗu sun cike gurbin. Ni ban yi boko ba, amma na san ciwo ya fi sanin ƙofar tsoho. Sallau ma ya sani. Ya cire sunansa, ya sa na ubansa.

Da aka kai wa Barau katin aka ce masa kariya ce, sai ya yi abin da baduku ke yi wa kariya: ya ɗinke shi a fata, ya rataye cikin layunsa, ya manta. Ranar da aka nemi katin don biyan kuɗin aikin idon, an birkice gida ba a gani ba. Tasalla, ta tsakiya, shekara bakwai tana masa wanki da shara, ta san layun nan ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Baba, wannan mai faɗin ba malami ne ya ba ka ba." Ta farke ɗinkin, ga kati.

Sai tsoho ya kafe. "Idon da ya ga jikoki, me ya rage masa? Ba mai sa mini wuƙa."

Jatau, autan, direba ne. Bai yi musu ba. Ya ajiye mota kwana uku, ya zauna gaban uban yana ɗinkin takalmi a karkace, da gangan. Barau ya shafa ɗinkin ya ce, "Wannan ɓarnar a gidana? Tashi ka kai ni asibitin."

An yi aiki, ido ya buɗe, yanzu har tsintar dutse yake a shinkafata. Abin da ya fara ɗinkawa jaka ce ta jar fata, guda ɗaya tak, ya ce ta wanda ya dawo masa da gani ce.

To, ku masu baki, Sallau, Tasalla ko Jatau: wa zai rataya jakar?