Tuƙin Kyallu a Ƙarƙashin Ƙasa

Dalilin da ya sa girgizar ƙasa take riga isa wani gari kafin wani, alhali nisansu ɗaya daga inda ta taso, ku matso ku ji shi, yara, domin ba haka abin yake ba tun farko.

A da can, idan ƙasa ta motsa, girgizar takan bazu ko'ina da gudu ɗaya. Gabas da yamma, kudu da arewa, lokaci guda bango ke faɗuwa. Uwa ba ta samun damar ko sunkutar ɗanta.

A wani ƙauye da ke gindin dutse akwai wani mai haƙar rijiya, Jatau, da matarsa Kyallu, da 'ya'yansu mata biyu, Lami da Asabe. Wata shekara ruwa ya yi nisa. Jatau ya haƙa gaba arba'in bai tarar da laima ba, sai wani ɗumi da ke tasowa. Ran nan da hantsi, gindin rijiyar ya rufta da shi. Aka ja igiya, ta taho sakayau.

Maza suka yi cirko-cirko a bakin ramin, huci mai zafi yana dukan fuskokinsu. Kyallu ta sa aka ƙulla igiyoyin gugan garin gaba ɗaya, ta ɗaura a ƙugunta. Ta ce idan suka ji ta fizga sau uku, su ja, kada su tsaya shawara.

Ta yi ta sauka har hasken bakin rijiyar ya koma kamar ƙwayar gero, sannan ya ɓace. Da ƙafarta ta taɓa ƙasa, sai ta gan ta a gefen wata tukunya wadda ido ba ya kai ɗaya bakinta. Abin da ke ciki dutse ne, jawur, zafi ya tausasa shi yana motsi a hankali kamar tuwon da ya kusa nuna. A cikinsa akwai 'yan ƙwayoyi dogaye, kore-kore, kamar tsabar shinkafa, kowacce ta kalli inda ta ga dama. Wata tsohuwa tana tsaye da muciya mai tsawon giginya. Hannunta ya gaji, tana tuƙi gaba da baya, ba tsari.

Jatau yana kwance a gefe da karyayyiyar ƙafa. Cikin raɗa ya nuna wa Kyallu wani gudaji mai girman tsauni da ke yawo a tukunyar. Ya ce ya ga ɓaraguzan wani ƙarami da ya fashe ɗazu, shi ne ya rufta rijiyar. Idan wannan ya fashe, babu ɗakin da zai tsaya a ƙauyensu, ga su Lami suna can a tsakar gida. Ya roƙe ta ta ɗaura musu igiya su tafi, kada ta yi wa tsohuwar magana.

To, Kyallu an yi mata tarbiyya. Ba ta taɓa wuce babba tana aiki ba ta gaishe ta ba. Bakinta ya riga tunaninta.

"Sannu da aiki, Iya. Kawo in karɓe ki."

A gida, idan baƙuwa ta faɗi haka, amsar a san ta: a'a, zauna abinki. Amma tsohuwar ta juyo a hankali. Idanunta farare fat, kamar toka.

"Tun da aka girka tukunyar nan nake jiran mai faɗin haka," in ji ta. "Ungo, 'yar nan."

Muciyar ta manne a tafin Kyallu. Ta yarfa hannu, muciyar ta ƙi fita. Tsohuwar ta ce ba a ajiye ta sai wani ya ce a kawo, sannan ta kwanta a gefen tukunyar, ta zama dutse.

Jatau ya jawo jiki, ya miƙa hannu. "Kawo in..."

"Baban Lami, rufe bakinka. Ka taɓa tuƙa tuwo?"

Ya janye hannunsa. Hannun Kyallu kuwa ya san aikinsa. Ta fara tuƙi yadda uwarta ta koya mata, hannu ɗaya, ba a komowa da baya. Tana cikin haka sai ta lura da ƙwayoyin nan. Duk inda muciya ta ja dutsen, sai su juya su kwanta a jere, kai da kai, suna bin hanyar tuƙin.

Ta ƙwanƙwasa muciyar a bakin tukunya don ta gwada. Ƙarar da ta bi tsawon ƙwayoyin ta wuce fit, kamar mai gudu a cikin kwarin kunyar gona. Wadda ta nemi ƙetare su kuwa sai ta riƙa tuntuɓe, kamar mai tsallake kunyoyin gona ɗaya bayan ɗaya.

Nan ta gane abin da za ta yi. Gabas da yammacin ƙauyensu daji ne, ba kowa. Ta shiga kwantar da ƙwayoyin daga gabas zuwa yamma, shimfiɗa a kan shimfiɗa, tsakanin gudajin da ƙauyen da ke bisa kansu. Ta ce wa Jatau ya kwance igiyar daga ƙugunta ya ɗaura a nasa. Ya ƙi. Ta ce masa gudajin zai zagayo kan muciya nan ba da jimawa ba, kuma babu mai fitar da yaran fili sai shi.

"In ce musu me?"

"Ka ce ina tuƙi."

Ya fizga igiyar sau uku, aka ja shi sama.

Gudajin ya zagayo. Kyallu ta ga inuwarsa ta rufe ta, ta ji zafinsa yana ƙona gashin girarta. Ba ta sauya hannu ba. Muciya ta dake shi, ya tsage da ƙarar da ta toshe mata kunne. Girgizar ta zabura ta bi jerin ƙwayoyin zuwa daji, ta kayar da itatuwa. Wadda ta nufi sama kuwa sai da ta ƙetare shimfiɗa bayan shimfiɗa. Kafin ta iso, Jatau ya fito ya yi kururuwa, mutane sun watse fili, Lami tana riƙe da hannun Asabe. Ɗakuna suka zube, ba a rasa rai ko ɗaya ba. Amma rijiyar ta haɗe bakinta, ko alamarta ba a sake gani ba. Jatau ya haƙa rijiya goma sha ɗaya a wurin yana neman matarsa kafin ya tsufa. Kowacce ruwa kawai ta ba shi.

Shi ya sa har yau, idan masu auna girgizar ƙasa suka duba na'urorinsu, sukan ga ta iso wani wuri da wuri, wani wurin kuma ta ɗan makara. Can ƙasa, ƙwayoyin dutse suna kwance a jere, suna bin hanyar da dutsen mai zafi yake tafiya a hankali. Kyallu ce take tuƙi, hannu ɗaya, ba ta komowa da baya. Har yanzu babu wanda ya sauka ya ce mata kawo.