Sandunan Zogalen Kunkuru

Ga ta nan, ga ta nanku, yara!

Ta zo mu ji ta, kunnenmu na nan.

Kunkuru ne yake da bishiyar zogale guda. Ta yi tsawo har ganyen ya fi ƙarfinsa, 'ya'yansa kuwa kullum kukan son kwaɗon zogale suke. Sai ya je wajen maƙwabciyarsa Akuya, ya ce, "Maƙwabciya, taimaka ki karyo mana rassa, mu raba biyu."

Akuya da kwaɗayi! Ta dafe bishiya, ta kakkarye rassa, ta cinye ganye tas. Ta turo masa sanduna, ta ce, "Ai mun raba, Malam Kunkuru. Ni ganye, kai itace."

Kunkuru ya ce, "Na gode, Allah ya bar zumunci."

Ya kakkafa sandunan a ƙasa, ya kewaye da ƙaya. Ruwa uku aka yi, kowace sanda ta yi toho, ganye kore shar daidai bakinsa. Yara suka ci kwaɗo da ƙuliƙuli har suka ture.

Akuya ta leƙo, yawu na zuba. "Maƙwabci, a ɗan sam mini mana."

Kunkuru ya miƙa mata sanda guda, ya ce, "Ga rabonki. Ki kafa, ki jira."

Ta kafa. Amma toho na fitowa, sai ta ce bari ta ɗanɗana, ta cinye. Ya sake fitowa, ta sake cinyewa, har sanda ta bushe. Shi ya sa har gobe Akuya ba ta da bishiyar kanta, sai leƙen shingen mutane.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera! Mai musu ya je ya tambayi Akuya.