Tocilar Jatau da Kogon Jemagu

Ku matso, ku duka. Ɗanlami, ajiye wayar nan. Asabe, bar kwanukan, ba gudu za su yi ba. Tun safe kuke musu a kan tocilar da za ku saya mini ta hawan dutsen ƙauye, har kun fara zagin juna. Kun yi 'ya'ya, amma kunnenku bai fi ƙarfin tatsuniya ba.

Ga ta nan tafe, ga ta nan gabanku.

Ta iso mu ji ta, Inna.

Wani manomin albasa ne, sunansa Jatau, gidansa a gindin dutse. A kan dutsen akwai kogo, a kogon akwai jemagu, kashinsu kuwa taki ne da babu irinsa. Duk kwarin nan ba albasar da ta kai ta gidansu Jatau. Kowace ɗaya kamar ƙoƙo.

Ubansa, Barmo, shi ya ƙulla alkawari da Sarkin Jemagu. A shigo da rana suna barci. A yi sallama ƙasa-ƙasa. Haske ya kalli ƙasa, kada ya kalli sama. A cika buhu ɗaya a fita. Shekara arba'in Barmo na shiga da 'yar aci-balbal, ko jemage ɗaya bai taɓa farkawa ba.

Barmo ya rasu, aci-balbal ta fashe. Jatau ya tafi kasuwa neman tocila, matarsa Kuluwa na biye. Suka tarar da wata tsohuwa ta shimfiɗa tabarma, tocila uku a kai.

Ta farko, kauri kamar taɓarya, ta ce, "Ɗauke ni, Jatau! Ni ce rana a tafin hannu."

Ta biyu mai rediyo ce a ciki. Ta ce, "Ɗauke ni, Jatau! Ina haske, ina waƙa."

Ta uku 'yar mitsila ce, kamar ƙwallon dabino, da zoben rataya makulli a gindinta, ƙwan haskenta bai fi ƙwayar dawa ba. Ta ce da 'yar muryarta:

"Ɗauke ni, Jatau, ɗauke ni,
Ba ni da nauyi, ba ni da surutu,
Inda makulli ya je, can nake."

Jatau ya tuntsire da dariya. Ya ce, "Iya, wannan tocila ce ko ɗan kunne?"

Tsohuwa ta ce, "Ɗana, ina za ka da ita? Faɗa mini wurin, in faɗa maka tocilar."

Ya ce, "Inda zan je ba ruwanki. Miƙo babbar."

Ta miƙa masa. 'Yar ƙaramar kuwa ta jefa wa Kuluwa a cinya, ta ce, "Ga gyara." Kuluwa ta rataye ta a makullin akwatinta, ta ɗaure a bakin zane.

Kashegari Jatau ya hau dutse. Hawan kogo hannu biyu yake so, tocila ta cinye ɗaya. Ya isa yana haki, gwiwa duk jini. Ya yi sallama, ya danna maɓalli. Fau! Ƙasa ya haska, amma hasken ya daki dutse ya watsu har rufi. Jemagu suka motsa, cuwi-cuwi, cuwi-cuwi.

Sarkin Jemagu ya buɗe ido ɗaya, yana rataye kai ƙasa. Ya ce, "Ɗan Barmo, wa ya aiko ka da tsakar rana cikin ɗakina? Wannan ɗaya."

A gida Kuluwa ta kwance bakin zane. Ta ce, "Maigida, ga wannan. A haƙori ma sai ka riƙe ta, hannunka biyu su yi aiki."

Ya ce, "A ce ɗan Barmo ya hau dutse da makullin akwatin mace? Mayar da abarki."

Kasuwa ta zagayo, ya koma ya ɗauko mai rediyo. Haskenta daidai ne, amma maɓallanta biyar, duk kamarsu ɗaya. A cikin duhu ya laluba, yatsa ya faɗa wa wanda ba shi ba. Kalangu ya ɓarke a kogo, dutse na amsawa! Jemagu suka tashi, fur-fur-fur, suna karo da juna.

Sarkin Jemagu ya buɗe ido biyu. Ya ce, "Ɗan Barmo, biki kake yi a kan 'ya'yana? Wannan biyu. Ubanka bai taɓa sa na ƙirga ba."

Maganar ta soki Jatau, ya sauko ko buhu bai cika ba. Kuluwa ta sake miƙa masa 'yar tocila. Ya dubi tocilar, ya daɗe yana dubanta. A ransa ya san ita ce. Amma ya riga ya yi mata dariya a gaban kasuwa, bakin da ya yi dariya kuwa nauyi yake ji ya ce ba ni. Ya kau da kai.

Karo na uku ya yi dabara. Ya naɗe kan babbar da tsumma don haske ya ragu. Ya shiga, ya yi sallama, ya ajiye ta a kan dutse don ya kwashi taki da hannu biyu. Abu mai nauyi, ga santsi. Ta gangara, gungurun-gungurun, tsumma ya zame, ta tsaya kanta sama.

Lokacin goyo ne. Haske ya daki iyaye mata a ido, suka firgita, 'ya'ya suka suɓuce daga ƙirjinsu suna zubowa ƙasa, tif, tif, tif. Jatau ya daka tsalle zai kashe tocilar, ya ture ta, ta faɗa rami. Duhu ya rufe kamar an kife tukunya.

Sarkin Jemagu ya ce, "Uku."

Jatau ya tsaya cik. In ya ɗaga ƙafa, jariri zai taka. In ya matsa, rami. Ya kira ubansa, ubansa na kabari. Azahar ta wuce, la'asar ta yi, yana nan tsaye kamar turke.

Kuluwa ta ga inuwa ta miƙe, ba miji. Ba ta tsaya neman komai ba, abin nema na bakin zanenta. Ta sa 'yar tocila a haƙori, ta hau da hannu biyu. Ta yi sallama ƙasa-ƙasa. Ɗan haske kamar faifai ya sauka gaban ƙafarta, bai wuce nan ba. Ta tsinci jariri, ta miƙa sama, uwa ta karɓa. Ta tsinci wani, ta miƙa. Waɗanda suka mutu ta jera su gefe ta rufe da mayafinta. Sannan ta kamo hannun mijinta.

Sarkin Jemagu ya ce, "Baiwar Allah, don ke ya fita da ƙafarsa. Amma uwa ba ta sake kwana inda ɗanta ya faɗo."

Jatau ya durƙusa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, gobe da ƙaramar zan zo."

Sarki ya ce, "Gobe ka zo da duk wadda ka ga dama."

Da almuru jemagu suka fita kamar hayaƙi, suka yi gabas, ba su dawo ba. Daga shekarar nan albasar Jatau ba ta ƙara wuce goro ba. Kuluwa ta cire 'yar tocila ta rataya masa a makullin rumbu. Ya tsufa da ita. Duk kaka sai ya hau dutse, ya yi sallama ƙasa-ƙasa, ya haska ƙasa kamar yadda aka ce. Ba mai amsawa.

Ƙurungus, kan jemage a rataye. In ƙarya ce, ta bi su gabas.

Haske ba girma ba ne. Wanda ke tare da kai, ya kuma san inda zai kalla, shi ne naka.

To, kun ji. Ɗanlami, kai ka ce babba don a ga ka yi wa uwarka. Asabe, ke kin ce ƙarama, amma da gatse kika faɗa, har yayanki ya kasa janyewa. Ƙafata ce za ta hau dutsen nan, ba taku ba. Ku zauna ku daidaita bakinku kafin kasuwar Laraba, ku zo mini da magana ɗaya.