Bangon da Ya Jira Tsohuwa Ta Fita

Allah Ya jiƙan Malaminmu, Shehin Jega, masanin Fiƙihu da Tafsiri, mai tsentseni da yawan azumi, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ko ga akuya ba. Karamominsa suna da yawa, sai dai tsufa ya kwashe mini mafi yawansu; wannan ɗaya ce daga cikin waɗanda suka rage.

A shekarar da aka yanke jihar Kebbi daga Sakkwato, ko wadda ta biyo bayanta, akwai wani manomin albasa a Kimba mai suna Mamuda, yana da ɗiya ƴar shekara bakwai, Zinatu. Da damina ta yi nisa sai yarinyar nan ta daina barci. Da an shimfiɗa mata tabarma a ɗakin kakarta Gudiya, tsohuwar da ƙafafunta suka mutu, sai ta zauna ta ƙura wa bango ido tana cewa gidan zai danne su. An lallashe ta, an yi mata tsawa, an yi mata hayaƙi, duk a banza. Kwana tara ta yi a haka har idanunta suka faɗa.

Mamuda ya tafi Jega neman rubutun sha, don ya tabbata iskoki ne suka taɓa ta. Malam, Allah Ya ƙara masa yarda, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "An tambaye ta abin da taka ji?" Malam ya ɗauki sandarsa, suka kama hanyar Kimba.

Sun iso dab da magariba, hadari ya haɗu baƙi ƙirin daga gabas. Malam ya durƙusa har kansa ya yi daidai da na yarinyar, ya ce, "Ɗiyata, gwada mini wurin."

Ta kama yatsansa ta ja shi cikin ɗakin. "Nan, Malam. In kowa ya yi shiru, ƙasa na zubowa cikin bango, shuu, kamar ana tankaɗe. Baba ya ce ƙarya nika yi."

Malam ya kara kunne, ya daɗe. Daga nan ya zagaya bayan ɗakin, Mamuda na biye. A nan ne Mamuda ya yayyafa irin albasarsa a shekarar, a gindin bango, don tsoron awaki da masu tsige dashe a fadama, yana ba shi ruwa safe da yamma. Malam ya soka sandarsa a gindin ginin, ta nutse kamar a cikin kunu.

"Gaskiya ta faɗa," in ji shi. "A fitar da tsohuwa."

Bai rufe baki ba ruwa ya tsuge. Kafin su koma ciki bangon ya tsage daga sama har ƙasa, azara na kuka, ƙasa na zuba a kan shimfiɗar Gudiya. Mamuda ya tsaya cak a bakin ƙofa, domin ya ga bangon ya yo ciki ya rankwafo kan mahaifiyarsa, kuma ya san hannunsa ne ya jawo.

Malam ya wuce shi ya shiga, ya ɗora tafin hannunsa a kan tsagar. Wasu sun ce na dama ne. Ni dai na hagu nake tunawa an ce mini, tasbaha na ɗayan. Leɓɓansa na motsi, ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Mamuda, ɗauki innarka. A hankali, kada ka girgiza ta."

Tsohuwa kuwa ta riƙe gado tana faɗa. "Kai Mamuda, sai ka fitar da ni cikin ruwa ba kallabi? Ina butata?"

"Inna, don girman Allah, saki!"

Sai da ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ya goya ta, santsi ya kwashe shi a bakin ƙofa, ya sake tashi. Duk wannan lokaci bangon na tsaye a kan tafin wani dattijo siriri wanda ko tulu ba ya iya ɗauka. Da suka kai tsakar gida, Malam ya janye hannunsa, ya fito da tafiyarsa ta kullum. Ƙafarsa ta biyu na fita ɗakin ya rufta gaba ɗaya.

A zaure suka taru, Zinatu na ta duban rufin. Malam ya sa Mamuda ya ɗauki fitila, ya bi kowace kusurwa da ita, Zinatu tana nunawa yana dubawa, har ta ce ta yarda. Sannan ya ce masa, "Haka za ka riƙa yi kullum kafin ta kwanta. Ku duba abin da ido ka gani, ku karanta Ayatul Kursiyyu, sauran ku bar wa Mai tsaro."

Ba a idar da sallar lisha ba barci ya ɗauke ta a cinyar kakarta, ruwa na ta dukan rufi.

Tsarki ya tabbata ga Allah da ke girmama bayinSa salihai yadda Ya so. Ya Ubangiji, Ka haskaka kabarin Malam, Ka ba mu albarkacinsa, Ka tsare gidajenmu da ƴaƴanmu, amin.