Sunayen da Hajiya Kulu Ke Tsaro

Ku gyara zama, wannan labari sai kun yanke masa hukunci.

Hajiya Kulu ce shugabar wata ƙungiya da mutanen ƙauye ke kai wa rahoto a asirce kan maɓoyar masu garkuwa da mutane. Sunayen masu rahoton suna cikin kwamfuta, an kulle su da kulle na lissafi. In suna ɗaya ya fita, gida guda zai zauna makoki.

Wata safiya ma'aikaciyarta Barira ta same ta. "Hajiya, ana can ana ƙera wata kwamfuta mai suna kwantam. In ta kammalu, tana iya buɗe irin kullenmu. Ɓarayi tun yanzu suke kwafar bayanai a kulle, su ajiye suna jiran ranar." Hajiya ta ce ai wannan abin da sauran nisa. Wata biyar Barira tana nanatawa, ana yi mata dariya a ofis, kafin Hajiya ta sakko.

Nafi'u, injiniyan ƙungiyar, shi ya ɗora sabon kullen da masana suka tsara don ya gagari kwantam. Mako uku yana fama, ya kwashe sunaye fiye da dubu zuwa sabon kullen, ko ɗaya bai salwanta ba.

Da aka ce an gama, sai Malam Tukur, tsohon mai ajiyar fayil wanda ko imel bai iya aikawa ba, ya yi gyaran murya. "Ranki ya daɗe, akwai kwafin da muka ajiye a rumbun intanet tun zamanin marigayi shugaba." Kowa ya manta da shi. Aka nemo, ga shi da tsohon kulle, aka sauya.

Ba a yi wata biyu ba ɓarayi suka kutsa wannan rumbun, suka kwafe komai. Da Nafi'u ya tabbatar mata cewa abin da suka ɗauka ba zai buɗu ba, Hajiya ta zauna a ƙasa tana godiya ga Allah, hawaye na zuba.

Ta sanar da mutanen ƙauyen abin da ya faru. Ranar kasuwa wani dattijo masaƙi, wanda sunansa da na ɗansa ke ciki, ya zo da gwado saƙar hannunsa. "Hajiya, ki ba wanda ya rufa mana asiri."

Kwana uku gwadon yana kan teburinta. Duk wanda ta kalla a cikin ma'aikatan nan uku, sai ta ji shi ne.

To, jama'a, Barira, Nafi'u, ko Malam Tukur, wa za ta miƙa wa?