Sallau da Tsohon Rumbun da Ya Ƙi Gogewa

An yi wani mutum, jama'a, Sallau sunansa, mai gyaran kwamfuta a wani gari bakin kogi. Ba shi da shago, jaka ce kawai da tsohon babur. Ina ba da labarinsa ina jin daɗi, domin irinmu ne, talaka ɗan talaka.

Ƙungiyar manoman rani ta garin ta sayi manhajar kula da kuɗi, aka kira shi ya ɗora ta a kwamfutar ofis. Shugabansu, Alhaji Barau, ya riga ya gayyato baƙi, za a ƙaddamar bayan sallar Juma'a. To ita irin wannan manhaja sai ta gina wa kanta rumbun bayanai, wurin ajiyarta ke nan. Sallau ya danna, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Ya duba wuri, akwai wuri. Ya duba izini, akwai izini. Can sai ya gano ashe akwai wani tsohon rumbu a ciki mai suna iri ɗaya da wanda manhajar ke son ginawa, an kulle shi da lambar sirri. Marigayi Malam Jibo, tsohon sakatare, shi ya yi shi.

Ku saurara, nan ne wurin jarrabawar. Hanya mai sauƙi tana nan: a wanke kwamfutar tas, wato a goge duk abin da ke cikinta, cikin awa ɗaya an gama. Alhaji Barau ya ce a wanke mana, tarkacen mamaci ne.

Sallau ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Ban san abin da ke ciki ba, kuma ba nawa ba ne. Hannuna ba zai goge shi ba."

Alhaji ya fusata, ya ce in Juma'a ta yi ba a gama ba, Sallau ya manta da aikin, kuma duk garin sai ya ji bai iya komai ba. Haka kuwa aka yi. Baƙi suka zo, kwamfuta na lulluɓe da zane, ana nuna Sallau da baki. Wallahi abin ya yi masa ciwo.

Ranar Asabar ya hau babur har ƙauyen Iya Kuluwa, matar marigayin. Ya gaishe ta, ya yi bayani. Ta zazzage akwatin mijinta, sai ga lambar a bayan wani tsohon littafi.

Da ya dawo ya buɗe rumbun, me kuke tsammani? Sunayen manoma ɗari biyu da sha huɗu, kowa da filinsa a fadama, da iyakarsa, da maƙwabtansa. Rajistar takarda kuwa ambaliya ta ci ta tun bara, har 'yan'uwa sun fara kai juna kotu. Filin Iya Kuluwa kanta wani ya shige shi, ga shi nan a rubuce da sunan marayunta. Alhaji Barau ya zauna, ya cire hula. Sallau ya kwafe rumbun, ya sauya masa suna, ya danna, manhaja ta hau nan take.

To jama'a, darasin a fili yake: amana ba sai an ce maka "ga amana" ba. Kai makanike, kai tela, ke mai aikin ofis, abin da ka tarar a hannunka na wani ne ko da mai shi yana kabari. Kada gaggawar mai gida ta sa ka zubar da abin da ba ka buɗe ba. Sallau ya sha kunyar yini ɗaya, marayu suka koma gonarsu. Allah Ya ba mu irin hannunsa.