Akuyar Baba Halidu

"Wai wa ke ɗaure akuyar nan, sai ka ce da zaren gizo-gizo?"

Barira na bakin murhu ta ji surukuwarta, Inna Bibata, tana wannan faɗa. Ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da hura wuta.

Akwai wani dattijo a Gaya, Baba Halidu mai fito. Tun yana saurayi yake ƙetarar da mutane zuwa Malanville, tsallaken kogi, a kwale-kwale. Da Faransawa suka gina gada, sai aka daina nemansa. Ya shige zaure, ya daina fira.

'Ya'yansa, don girmamawa, suka hana shi ɗaukar ko da buta. "Baba, huta, ka yi naka." Yana hutawa yana ramewa. Tuwo yadda aka kai haka ake dawowa da shi. An yi rubutu, an yi turare, shiru.

Barira, amaryar ɗansa Usman, abin na cin ranta, amma kunyar suruki ta ɗaure mata baki.

Wata safiya akuyarsa ta tsinke, maza duk suna gona. Dole ya tashi yana mita, ya bi ta har bakin kogi. Ya dawo jiƙe da gumi, yana zagin akuya, ya shanye ƙwaryar fura tas.

Barira kaɗai ta lura. Daga ranar, kullum sai ta sassauta ƙullin igiyar akuyar.

Ta sha faɗa.

"Ke ɗaurin igiya ma sai an mai da ke makarantar lakwal?" in ji Usman. "Kina wahal da tsoho. Gobe zan kai akuyar kasuwa, kowa ya huta."

In ta faɗi gaskiya, a ce ta raina suruki. In ta yi shiru, tsohon ya koma zaure ya ƙarasa ramewa.

Sai ga gyaran muryar Baba Halidu daga bakin ƙofa.

"Akuyar wa za ka sayar? Ka zauna inda kake. Daga yau ni zan riƙa kai ta kiwo, abokaina na jirana a bakin ruwa."

Ya durƙusa ya ɗaure ta irin ɗaurin jirgi, ya ce kamar da akuyar yake: "Mai fito ya san igiyar da ta kwance, ya san wadda aka kwance. Allah ya yi wa wannan hannu albarka."

Har aka ci sabon gero Inna Bibata na kiranta "mai sakin igiya". Barira ta bar ta a haka. Ko Usman ba ta gaya wa ba.

Darasi: Ba kowane hutu ke warkarwa ba. In ran mutum ya yi nauyi, 'yar tafiya ta kullum na sauƙaƙa shi. Barira ta yi shiru, ku kam ku isar wa masu tsoho a zaure.